Layin Fenti da Karen Auta

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Ni tela ce, wuni nake a kan keken ɗinki, ban saba rubutu ba, kuma wallahi na gaji. Gajiyar ma ba ta ɗinki ba ce, wannan na saba da ita.

Mijina direba ne a wani gida. Wata guda kafin Allah ya yi masa rasuwa ya shigo mana da ɗan kwikwiyo a cikin hularsa, wai karyar gidan da yake aiki ce ta haihu, suka ba shi ɗaya da aka yaye. Na yi faɗa har na gode Allah. Ɗaki biyu muke haya, tsakar gida ɗaya muke da mutane, ina za mu kai kare? Ya yi ta dariya, ya ce in kwantar da hankalina, uwar ma ba ta fi kyanwa ba. To shi mutum ne mai zolaya, Allah ya jiƙansa, wanda zai ce miki an yi ruwa alhali rana na dukan ƙeyarki, don haka ban ɗauki maganar da nauyi ba. Don tsokana ma ya sa wa kwikwiyon suna Zaki.

Na san abin da wasu za su ce game da kare a gida. Ba ya shiga mana ɗaki, a ƙarƙashin matakala yake kwana cikin tsohon kwali, kwanonsa daban. Ba wannan ya kawo ni ba.

'Yata ce, Auta, shekararta takwas. Bayan rasuwar babanta, yarinyar nan ta daina magana, sai dai i ko a'a da ka. Da wannan halittar kaɗai take hira. Sai in ji ta a bayan matakala tana ba shi labarin makaranta, har da wanda malama ta daka. Ta haka bakinta ya fara buɗewa har ta dawo yi mini magana, shi ya sa na kasa rabuwa da shi.

Baba mai gidan da muke haya kuwa tun farko bai so ba. Dattijo ne mai kirki, amma in ya kafe ya kafe, kuma akwai jikokinsa masu rarrafe a tsakar gidan. Da na roƙe shi, albarkacin marigayi ya sassauta. Bangon tsakar gidanmu fenti biyu ne, na ƙasa mai duhu ya kai wajen gwiwa. Ya nuna layin da sandarsa, a gaban Auta, ya ce ranar da bayan karen nan ya kai nan, ranar zai bar masa gida. Na ce na yarda, don a lokacin ko rabin layin bai kai ba.

Anti, tun ranar ban huta ba. Tef ɗin awona ya daina zama a shago. Kullum da safe kafin ta sa kayan makaranta sai ta tsayar da shi jikin bango ta auna. In ta hango Baba mai gida, sai ta danna bayan karen da hannu don ya durƙusa. Ga wani makaniki maƙwabcinmu, bakinsa ba ya shiru, kullum sai ya ce mata ai wannan somin taɓi ne, kare sai ya shekara biyu yana girma, ta jira ta ga ɗan maraƙi. Shi wasa yake yi, ita kuwa ta haɗiye maganar ɗungurungum.

Kwanakin baya na lura Zaki ya daina tsalle in na dawo. Na shafa shi, sai na ji haƙarƙari kamar haƙoran mataji. Na zaci tsutsar ciki ce. Ashe abincin da nake zuba masa, Auta ke kwashe fiye da rabi ta kai kwandon shara, wai don kada ya girma. Da na ritsa ta ba ta musa ba. Abin da ya ƙarasa karya ni, ita ma ta rage cin nata. Ta ce ba adalci ba ne shi ya kwana da yunwa ita ta ƙoshi. Siket ɗinta na makaranta ni na ɗinka shi, ni kuma na rage masa ƙugu makon jiya, ina ɗinki ina hawaye.

Na yi faɗa, na yi lallashi, har bulala na ɗauka na ajiye. In na tsaya a kansu sai su ci, da na tafi shago shi ke nan. Ba zan iya rufe shago in zauna gadin kwano biyu ba. Tashi daga gidan ma ba shi cikin lissafi, a nan makarantarta take kusa, a nan masu kawo mini ɗinki suka san ni.

Yanzu ya kusa shekara, saura kamar yatsu huɗu ya kai layin, kuma ya daɗe a haka. Ban sani ba ko yunwar ce ta tsayar da shi. In na ciyar da shi ya girma a kore shi, yarinya ta koma bebiya. In na bari, su biyun su lalace a gabana. Wani lokaci sai in ji kamar in ba da shi tana makaranta, a yi kukan a gama. Don Allah yaushe irin waɗannan ƙananan karnuka ke gama girma? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi.

Taki,
Tela da ta gaji

*

'Yar'uwa Tela,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya Auta. Ki ajiye numfashi, amsar tambayarki mai sauƙi ce. Ƙananan jinsin karnuka suna saurin gama girma. Yawancinsu tsawonsu yana tsayawa tun suna wata shida zuwa takwas, daga nan sai ɗan cikar jiki, kafin shekara an gama. Masu kai shekara ɗaya da rabi ko biyu suna girma manyan jinsi ne, su makanikinku yake nufi, in ma ya san abin da yake faɗa. Kare da ya kusa shekara, ya daɗe a awo ɗaya, uwarsa kuma ƙarama, da wuya ya ƙara yatsa ɗaya, balle huɗu. Abincin da za ki ƙara masa yanzu haƙarƙari zai rufe, ƙashin ƙafa ya riga ya tsaya. Yunwar da ake ba shi ba abin da take hanawa sai lafiya.

Amma ni daga wasiƙa nake magana, ban gan shi ba. Ki ware safiya ɗaya ki kai shi wurin likitan dabbobi, ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafi da maganin tsutsa, ya gaya miki yadda za a mayar masa da abinci a hankali. Ki tafi da Auta ta ji da kunnenta, don yaro ya fi yarda da mai farar riga a kan uwarsa. Ita ma in cin abincinta bai dawo ba cikin 'yan kwanaki, ki kai ta asibiti, kada ki tsaya jira.

Batun ba da shi a ɓoye kuwa, ki cire shi a ranki. Yarinyar da aka ɗauke wa uba ba sallama, kada a maimaita mata.

Sai dai kada ki ga laifin Baba mai gida. Mutumin da jikokinsa ke rarrafe a tsakar gida yana da haƙƙin jin tsoron cizo, da haushi, da ƙazanta, kuma ya yi muku kara da bai ce a fitar da shi nan take ba. Kada ki fake da layin fenti ki ce kin yi nasara a kansa. Ki same shi da ladabi, ki nuna masa shaidar rigakafin, ki yi alkawarin shara da ɗaure karen lokacin da yara ke wasa, sannan ki gaya masa abin da layin nan ya jawo wa marainiya. Ina kyautata zaton bai san tana auna shi kullum ba. Makanikin ma ki ja shi gefe, wasan ya isa haka.

Abu na ƙarshe. Kin ce maigidanki mai zolaya ne, shi ya sa ba ki yarda da shi ba. Ki ɗauki Auta ku je gidan da ya yi aiki, ku roƙa a nuna muku uwar Zaki, gani ya kori ji. Ki tsaya da ita a gaban karyar nan ki gaya mata cewa babanta ya faɗa tun ranar farko, kuma a wannan karon ba wasa yake yi ba: ya zaɓo mata wanda zai iya zama da ita ne. In kun dawo, ki karɓi tef ɗinki ki mayar shago. Ki zuba abinci kwano biyu, ki bar ta ta miƙa masa nasa da hannunta, kafin ta zauna ta ci nata.

Allah ya ba ki hutu, ya sa ki sake buɗe ƙugun siket ɗin nan kafin ƙarshen zango.