Dutsen Goge Kaushinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, raɓar da ke sauka a kan busasshen ganyena, uwar 'ya'yana.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yau wata uku ke nan da Auta ta ɗauke ki zuwa gidanta jinyar gwiwa. Gwiwa kuwa ta warke, an ce har bene kike hawa. To ni wa zai yi jinyata?

Kin tuna ranar da dutsen goge kaushinki ya ɓata, shekara goma sha ɗaya da suka wuce? Kika birkice banɗaki, kika zargi mai gyaran famfo, ni kuma ina taya ki nema har ƙarƙashin gado. Yau na tuba: ni na ɗauke shi. Shi ne a farantin nan na kan taga, wanda 'yar ceɗiyarmu ta rungume da saiwoyinta, gansakuka ta lulluɓe shi ta rufa mini asiri. Ina zan samu irinsa, mai huji-huji kamar saƙar zuma, ya sha ruwa da safe ya riƙa ba saiwa kaɗan-kaɗan har yamma? Haka kika yi mini shekara hamsin, ban san ƙishirwa ba!

Ga abin da ke damuna. Wayar ƙarfen da kika naɗa wa rassanta don su lanƙwasa kafin ki tafi ta fara cin ɓawo. In ba a kwance ta cikin mako biyu ba, reshen sama zai bushe. Jiya na gwada, na karya tsiro biyu, na zauna ina ba ta haƙuri. Bishiyar da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, sai yatsunki.

Auta ta ce in aiko da ita a kwali, ke ki yi zamanki can. A kwali! Na ce mata ceɗiya ta saba da tagarta, kuma ba ita kaɗai ke bushewa a gidan nan ba.

Ki dawo, gwanata, tauraruwar asubata. Na sayo miki sabon dutse, yana nan gefen bahonki, na kuma yi alkawari ba zan shuka komai a kansa ba. Amma ki yi sauri, don na ga yana da wani ɗan rami mai kyau.

Naki, mai riƙe da ke riƙon saiwa da dutse har numfashin ƙarshe,
Tsohon ɓarawonki.