Na Shafe Shekarar Cocinmu da Siminti

Malama, a taimaka mini, don bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfinsa, kuma bakin nan nawa ba ƙarami ba ne.

Ni magini ne. Karatuna aji huɗu ne, na huɗun ma ta taga na fi halarta. Shekara talatin da biyu da suka wuce ni na ɗora bulon cocinmu. Ranar da muka gama, tun siminti bai bushe ba, na ɗauki ƙusa na rubuta shekarar a bango, gefen ƙofa, da rubutu irin na wanda ba ya shiri da biro.

Ɗana na fari shi ne mai karatun gidan. Ya yi ta karance-karance har ya bar cocinmu ya koma Katolika. Ban yi faɗa ba, tsokana kawai nake yi, in ya shigo in ce a kawo wa Paparoma kujera. To yanzu an haifa masa 'ya, jikata ta farko, kuma zai kai ta a yi mata baftisma tana jaririya. Mu kuwa a wurinmu sai mutum ya girma ya furta da bakinsa.

Ran Lahadi ya zo gayyatarmu, ya same mu a bakin coci an tashi daga sujada. Na fara tsokanar da na saba. Sai ya tambaye ni wa ya kafa cocinmu, wa ya ba fastonmu iko, tunda su daga manzanni aka yi ta ɗora hannu, wannan ya ɗora wa wancan, har yau. Da na ga jama'a sun taru sai baki ya ƙwace mini, na ce ai namu tun zamanin manzanni yake tsaye. Yatsa kawai ya miƙa ya nuna rubutuna. Aka fashe da dariya, uwarsa ta fi kowa. Ni da na saba ba mutane dariya, ran nan ni aka yi wa. Sai na ce fadan cocinsu da zai zuba wa jikata ruwa bai fi shebur ɗina iko ba, kuma ƙafata ba za ta taka wurin ba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya yi wa uwarsa sallama ya tafi.

Washegari na kwaɓa siminti na je na shafe shekarar, kamar hakan zai ƙara wa ginin shekara dubu biyu. Dattawan coci ba su sha wahalar bincike ba. Magini ɗaya ne a cikinmu, kuma shafen ya yi kyau.

Saura kwana goma sha biyu baftismar. Gaisuwarsa a waya ta koma kamar sanarwa. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tambayarsa ta tsaya mini a ƙirji, don ban san amsarta ba. In na je, na ci amanar cocin da na gina? In ban je ba, anya ban rasa ɗa da jika ba? Bango yana bina rubutu, ɗana yana bina amsa, ga kuma wata kalma da ban taɓa faɗa wa ɗan cikina ba.

Magini Mai Aji Huɗu

AMSA

Baba magini, na yi dariya, amma na ji inda ke maka ciwo.

Shekarar da ka rubuta ta gini ce, ba ta bangaskiya ba. Da kai da ɗanka kun yarda ikilisiya daga Almasihu da manzanninsa ta samo asali. Inda kuka rabu shi ne yadda ikon ya iso yau. Su suna cewa ya gangaro ne ta ɗora hannu daga manzanni zuwa bishop-bishop, tare da magajin Bitrus, wato Paparoma, a gaba. Ku kuna cewa Almasihu kaɗai ne kan ikilisiya, Nassi ne ma'auni, kuma ikilisiya ce ke zaɓar shugabanninta. Masana sun shafe ɗaruruwan shekaru a kan wannan, ba su gama ba. Rashin amsa a tsaye a bakin ƙofa ba abin kunya ba ne. Ka zauna da fastonka ya yi maka bayani.

Ɗanka bai kyauta ba da ya ƙure mahaifinsa a gaban jama'a. Sai dai kai ka fara, kuma ka daɗe kana yi. Shi ginin ya nuna, kai abin da yake girmamawa ka taka.

Ka je wurin dattawa ka amsa laifinka, ka mayar da shekarar. Shaida ce ta aikin hannunka, ba abin ɓoyewa ba. Sannan kada ka jira ranar taro, ka je gidansa da ƙafarka cikin makon nan. Ka ce masa ba ka yarda da baftismar jarirai ba, amma maganar shebur kuskure ce, ya yi haƙuri. Kalmar nan da ba ka taɓa faɗa masa ba, ka faɗe ta ba tare da wasa ba, ko da sau ɗaya ne.

Ranar baftismar kuma ka je. Zama a benci ba sauya sheƙa ba ne, babu wanda zai sa ka furta abin da ba ka gaskata ba. Wata rana yarinyar nan za ta duba hotuna. Ba za ta tambayi cocin wa ya riga na wa ba, kakanta za ta nema.

Allah ya raya jika, ya daidaita tsakaninka da mahaifinta. Ƙusar kuma a bar ta a hannunka, simintin a gida.