Zoben Surfanin Inna

Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Zuwa ga Yaya Fadila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Zakari da yara. Yaya Kumasi, yaya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Jikin Inna da sauƙi, tana zama da kanta yanzu, sai dai hannun dama da magana har yau ba su dawo ba.

Tambaya ce ta sa na ɗauki biro. Kin san majanyin goyon da Inna ta fara yi wa jaririnki surfani kafin ta kwanta? Na ɗauko shi zan ƙarasa, don ya iso ki kafin suna. Na saka ƙyallen a zoben katakon nan nata na surfani, tsakanin na ciki da na waje, na ja, na ɗaure, amma kafin in gama fure ɗaya ya saki, ɗinkin ya tattare. Sau uku ina warwarewa, har yadin ya fara yin huji, ga shi babu irinsa a kasuwa.

Bari in faɗi laifina tun kafin ki gano. Tsummokaran da aka naɗe zoben ciki da su, na ga sun yi dauɗa, sai na kwance su na zubar, na wanke katakon tas. Ina nuna wa Inna, ta yi mini kallon da take yi mana in mun fasa tulu. Ashe ba ƙazanta ba ce? Su ke riƙe ƙyallen? Maƙwabciyarmu ta ce in jiƙa yadin da ruwan kamu, amma na ji tsoro. Ke kaɗai kika zauna kika koya a gabanta, ni ina can ina yawon gidajen ƙawaye. Wane irin tsumma ne, kuma ta ina ake fara naɗin? Ki zana mini a takarda.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk sanda na ɗaure, sai Inna ta miƙo hannun hagu ta ƙwanƙwasa ƙyallen da yatsa, ta kasa kunne, sannan ta girgiza kai. Jiya har da hawaye, ni ma na taya ta. Yaya, wane sauti take nema? Ina so ta ji shi a hannuna ko sau ɗaya ne.

Ki gaishe da Malam Zakari, da Mudassir, da Rashida sarkin surutu. Na ambaci sunanki, Inna ta ɗaga hannu.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Saudatu