Wan Mijina Ya Ce Cikin Nan Ba Na Ƙanensa Ba Ne

Anti Juwairiyya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a Tudun Wada, domin na san halina, idan raina ya ɓaci bakina ba shi da birki. Ina cikin farin cikin da ban taɓa shiga irinsa ba, amma an samu mai neman ɓata mini shi.

Shekararmu biyar da aure. Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare a Gyallesu, mutum ne mai kunya kamar sabuwar amarya. Ba mu cika shekara ba na lura ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa ya kumbura, ya yi tauri kamar ƙwallon goriba. Ki gafarce ni Anti, a asibiti na koyi kiran abu da sunansa. Da yake ba ya yi masa ciwo sai ya share, wai gwaiwa ce ta gado, kakansa ma da ita ya kai shekara casa'in. Wata huɗu yana ɗirkar jiƙe-jiƙen masu talla da lasifika a bakin kasuwa, abu sai ƙara girma yake. Ni kuwa na kafa masa ƙahon zuƙa. Daga ƙarshe na rantse masa in bai je asibiti ba, zan je in zayyana wa mahaifiyarsa komai da bakina. Tsoron wannan abin kunyar ne ya kai shi, ba tsoron ciwon ba.

A asibitin koyarwa aka haɗa mu da likitan mafitsara, Dakta Chidozie, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Aka yi hoton wurin, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki da na ƙirji. Sakamako ya fito, sankara ce. Ranar tun daga Shika, inda asibitin yake, nake kuka a cikin bas har muka sauka, shi mai ciwon shi ne ke ba ni haƙuri. Amma likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce irin wannan sankarar tana cikin masu jin magani sosai, za a cire wanda ya kamu a bar mai lafiyar, sannan a yi masa ƙarin ruwan magani zagaye uku saboda ta fara leƙawa kaluluwar cikinsa. Ya kuma ce mu jingine maganar haihuwa sai maganin ya gama fita daga jikinsa.

Anti, mun sha wuya. Gashinsa ya zube har gira, ko ƙamshin miya ya ji sai amai, ya rame har ina ƙara wa wandonsa tazuge. Amma ga mu yau! Shekara uku ke nan duk gwajin da aka yi fes yake fitowa. Ya koma aji, ran Asabar yana buga ƙwallo da samari, har wani ɗan tumbi ya ajiye wanda nake tsokanarsa da shi. Bara aka gwada maniyyinsa aka ce lafiya lau. Yanzu haka da nake rubuto miki cikina wata takwas ne, na fari, yana ta harbina. Wallahi wani lokaci ina tsakiyar wanke-wanke sai in kama dariya ni kaɗai.

To ga inda matsalar take. Maigidana yana da wa, Yaya Muntaka, dillalin awaki da tumaki. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta. Ba zan tauye masa haƙƙinsa ba, lokacin jinya ya yi abin da ko ni ban yi ba, har goya ƙanen nan ya yi a baya ranar da ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Sai dai duk bayanin likita abu ɗaya ya shiga kunnensa, wato an cire. Shi kuwa shekara talatin yana fiɗiye bunsuraye da hannunsa, don haka a lissafinsa an mayar da ƙanensa taure, magana ta ƙare. Bai taɓa tambaya ba, ƙanen ma bai taɓa yi masa bayani ba, kin san kunyar wa da ƙane. Har matarsa ya aiko mini ta ce idan autarsu Bahijja ta isa yaye za su ba mu riƙonta. A lokacin na ɗauka zumunci ne kawai, ashe tausayinmu ake ji.

Ciki na fitowa Yaya Muntaka ya canza. In gaishe shi ya amsa wa bango. Kwanon abincin da nake aika masa duk Juma'a yadda ya tafi haka yake dawowa, ko buɗewa ba a yi. Matarsa Yaya Ishatu ce ta ja ni gefe ta tsegunta mini cewa ya ce cikin nan ba na gidansu ba ne, kuma ya kai wa surukata Inna Hajo maganar. Inna kuwa, matar da kullum sai ta tsokane ni, yanzu sai ta kalli cikina ta kawar da kai. Ni da na wanke aman ɗansu da hannuna, ni za a yi wa wannan kallon? Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da na gaya wa maigidan sai ya yi dariya har da ƙwalla. Da ya ga ba wasa nake ba ya ce in share, idan an haihu kama za ta raba gardama, shi dai ba zai iya zama gaban Yaya yana zancen al'aurarsa ba. To idan jaririn ya ɗebo dangina fa?

Abin da na shirya shi ne, na kai takardar gwajin maniyyin nan an buga mini kwafi ashirin, suna ƙasan akwatina. Niyyata ranar suna in raba wa mata tare da goro da alawa, kowa ta kai wa mijinta ya karanta. Mahaifiyata kuma ta ce in tattaro in dawo gida in haihu, kada in koma sai an zo an durƙusa an ba ni haƙuri. Ina son mijina, ba na son abin da zai kunyata shi, amma ba zan yarda ɗana ya fito duniya ana yi masa kallon shege ba. Yaya zan yi?

Matar Malamin Lissafi, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai barka, barka kuma. Kin ga abu, kin ƙi yin shiru, kin tura mutum asibiti yana turjewa, yau ga shi a raye ga ki da ciki. Wannan nasara ce babba, kada maganar kowa ta sa ki manta da ita.

Gaskiya tana wajenki. Namiji mai ɗan maraina ɗaya lafiyayye yana haihuwa, likitoci sun tabbatar da haka, kuma naku ya gwada ya gani. Abin da Yaya Muntaka yake yi wa dabbobinsa duka biyun yake lalatawa, ba a haɗa shi da wannan aikin. Zargin da ya yi miki kuwa ba ƙaramin abu ba ne, a addini ma ƙazafi ne mai nauyi, kuma kina da haƙƙin a wanke ki. Amma ki dube shi da kyau. Mutumin da ya goya ƙanensa, ya yi niyyar ba ku 'yarsa, ba maƙiyinki ba ne. Shekara huɗu yana ɗauke da baƙin cikin abin da bai faru ba, yanzu kuma yana ganin ana cutar ƙanen da ya raina. Rashin sani ne ya haɗu da ƙauna, kuma wannan yana da magani.

Takardun nan ashirin, ki bar guda ɗaya ki ƙona sauran. Sirrin da ke ciki na mijinki ne, ba ki da ikon raba shi da goro. Sannan zancen nan yanzu bai wuce mutum shida ba. Ranar da kika raba takarda, matan da ba su taɓa jin komai ba za su koma gida suna tambayar me ya sa mai jego take kare kanta, kuma ɗanki zai girma ya tarar da labarin yana jiransa. Zuwa gida haihuwar fari al'ada ce mai kyau, ki je, amma bayan an kashe wutar nan. Idan kika tafi cikin fushi, masu zargi za su ce gudu kika yi.

Sauran maganar ta maigidanki ce, ki ba shi shafin nan ya karanta. Malam, dariyarka ta nuna ka yarda da matarka, madalla, amma yardar da ta tsaya a cikin ɗaki ba ta kare mutuncinta a tsakar gida. Kama ba hujja ba ce, jarirai da yawa ba sa kama da kowa sai sun yi wata shida. Kunyarka ta taɓa jinkirta maka magani wata huɗu, kada ka bari ta sake yi maka ɓarna. A wannan makon, ba bayan haihuwa ba, ka samu yayanka ku biyu ka gaya masa guda ɗaya aka cire. Idan bakinka ya yi nauyi, ka roƙe shi ya raka ka ganin likita na gaba, ka ba likitan izini ya yi masa bayani da takardar a gabansa. Idan ya gane, shi da kansa zai koma wurin Inna ya janye abin da ya kai mata, sannan ya nemi yafiyar matarka. Wannan ba alfarma ba ce, haƙƙinta ne. Kuma kada ka yi wasa da ranakun asibiti don ka ga tumbi ya fito. Maza masu karatu, duk wanda ya ji ƙullutu ko tauri a wurin nan, ko ba ya ciwo, asibiti zai nufa ba bakin kasuwa ba.

Ke kuma 'yata, idan ya zo neman yafiya kada ki ja masa rai, dattijo ne kuma kunyar da zai ji ta ishe shi. Ranar da kika sauka, ko a gidanku ne, ki sa a kira Yaya Muntaka, a naɗe jaririn a miƙa masa, a ce shi ne uba babba, shi zai yi masa huɗuba. Bari kunnen ɗanki ya fara jin kiran salla daga bakin da ya yi shakkarsa, a gaban kakarsa Inna Hajo.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ƙara wa Malam lafiya mai ɗorewa, ya raya abin da za ki haifa a cikin danginsa da kansa a sama.