Mai Goyon Shi Ne Uban

Daga Riyad

Zuwa ga maiɗakina Delou,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna, ya yarona Nafiou? Na ga hotonsa. Kunnuwan nan nawa ne, ba gardama.

Kafil, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ɗauke ni daga sito na Al-Sulay ya kai ni gidan hutunsa a bayan gari, ina kiwon dabbobi. Akwai wasu birai biyu 'yan Kudancin Amurka, titi ake ce musu, ko girman mage ba su kai ba. Likitan dabbobi ya ce iri-iri ne: akwai masu ruwan toka da fararen kunnuwa, akwai masu farin wuya. Namu jan ƙirji gare su. Miji ɗaya, mata ɗaya suke zama. In sun hau reshe sai su murɗe wutsiyoyinsu wuri guda kamar igiya, da asuba kuma su haɗa baki su yi ta kuka har su tashe ni.

Sun haihu. Ɗaya na goye da jaririn yini zur, ɗayan sai cin ayaba da fara. Na sa wa mai goyon suna Delou. Da likita ya ji, dariya har da riƙe ciki. Ashe mai goyon shi ne uban, uwar nono kawai take bayarwa ta miƙa masa abinsa.

Naki,
Laouali

Daga Maradi

Maigida,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Nafiou ya fara tafiya, ƙanenka yake kira Baba.

Ka canza wa birin nan suna, amma kada ka sa masa naka. Shi ya san nauyin ɗansa a baya, kai a waya ka san naka. Na faɗa, in ka ji haushi ka ji. Ka nemi hutu.

Allah ya tsare.
Delou

Daga Riyad

Delou,

Bayan gaisuwa, maganarki ta hana ni cin abinci. Na nemi hutun, kafil ya ce "bukra", irin goben nan tasa da ba ta zuwa. Sannan ya ce in kama namijin in sa a keji, zai yi wa abokinsa kyauta, wai uwa ta ishi ɗa. Na ce masa irin waɗannan in aka raba su abinci ma ƙi suke yi. Sai ya ce, "Yalla, yi maza! Kai ba ka baro naka ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye ragar kamun a gabansa na ce wallahi ba da hannuna ba. Ya ce in Juma'a ta yi ban kama ba zai soke iƙamata, wato takardar izinin zamana, in koma inda na fito.

Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata tukuna.

Laouali

Daga Maradi

Maigida,

Ina gaisuwa. Zancen ya riga ya kai kunnen yayanka Ghali ta bakin abokan aikinka. Ya zo yana ta faɗa, wai za ka zubar da aiki a kan biri, in rubuto in ce ka ba da haƙuri. Na ce masa to.

Ga abin da na rubuto: kada ka taɓa ragar nan. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma ƙosai nake soyawa tun ba ka san hanyar Riyad ba, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Taka,
Delou

Daga Riyad

Delou,

Salam. Direban kafil ya gwada kamun, uban ya gantsara masa cizo da jaririn a bayansa. Kafil ya gaji ya ce a bar masa tsinannun tare. Ni kuwa ya cika min alkawari, ya soke iƙamar, ranar Talata ina hanya.

Ki ware min zane mai ƙwari da majanyi. Ni zan goya Nafiou har kasuwa, duk namijin da zai yi dariya a Maradi ya fito bakin titi ya yi.

Sai na iso.
Laouali