Makullin Shagon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga babban wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran. Allah Ya ƙara maka ƙarfin neman halal, Ya tsare mana ku a inda kuke, Ya sa mu sake ganin juna da alheri. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana nan tana fama da ƙafarta. Ran da ta tashi da sauƙi sai ta share gidan nan kaf kamar za a yi baƙi, ran da ciwon ya motsa kuma kowa sai ya ji a jikinsa. Goggo ta zo ta yi mana wata guda, wai duba Baba ta zo yi, amma rabin zaman a gaban talabijin ta yi shi. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halina. Da zarar na ji muryarka sai in yi ta cewa to, to, sai daga baya in tuna duk abin da na so faɗa.

Saƙonka ya iso ta bakin Inna, kuma ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Ka ce ranar ɗaya ga watan gobe in miƙa makullin shagon Baba ga abokinka mai sayar da waya, tunda Baba ya gama da gyaran keken ɗinki. Ka kuma ce in daina sa baki a lafiyar Baba, wai bokanci nake karantawa a kwaleji, bambancin kawai ni za a ba ni satifiket. Wallahi Yaya sai da na yi dariya har da hawaye, sannan na shiga ɗaki na ji haushi. To bari in fara wanke kaina. Abin da nake karantawa shi ne kula da lafiyar mutum gaba ɗayansa, shekara uku ne, ina cikin ta biyu. Ba ma jiƙa saiwa, ba ma ce wa kowa ya ajiye maganin asibiti, wanda ma ya rubuta haka a jarrabawa faɗuwa zai yi warwas. Ana koya mana yadda jiki yake aiki, da awon jini da na sukari, da abinci, da barci, da motsa jiki, da damuwa, da alamomin da in ka gani ba ka tsayawa wata-wata sai asibiti. Likita yana ganin mutum minti goma ya rubuta masa magani ya kira na gaba, kuma ba laifinsa ba ne, layi ne har bakin ƙofa. To sauran yinin fa, wa yake duba yadda mutumin yake yin sa? Nan ne wurin aikinmu. Waɗanda suka gama a gabanmu suna nan a ɓangaren masu ciwon sukari da hawan jini, wasu a ma'aikatu, wasu a gidajen kula da tsofaffi. Wannan hanyar na zaɓa da idona biyu, kuma ba na jin zan sauka daga kanta.

Yanzu maganar Baba. Wata takwas ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a shago, lokacin kana gida hutu. Kai ka rufe shagon, ka tattara kayan aikinsa a akwati, ka damƙa mini makulli, ka ce daga yau Baba hutawa zai yi, kada a bar shi ya ɗaga ko tsinke. Duk mun ce ka yi daidai, har da ni. To a wannan zangon aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi mutum ɗaya ya bi lafiyarsa wata uku. Malamarmu tana da doka guda da ba ta wasa da ita: ranar farko ba a ba da shawara. Zama za ka yi kusa da mutumin daga safe zuwa yamma da littafi a hannu, ka rubuta abin da ya ci, da inda ya taka, da wanda ya yi magana da shi, bakinka a rufe. Ni kuwa na zaɓi Baba, na ce ubana ne, me zan zauna in kalla? Sai na tsallake dokar. Na zana jadawali mai kyau har da jan biro na manna a bangon falo: ƙarfe kaza zagaya tsakar gida sau ashirin, ƙarfe kaza jan numfashi, gishiri kuma na sa Inna ta janye shi gaba ɗaya. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko wani abu ne ya ɓace masa a tsakar gidan da zai yi ta zagaye yana nema. Abincin ma ya ture. Kwana uku na nemi jadawalina na rasa, ashe ya ninke shi ya tokare ƙafar teburin nan mai rawa da shi. Tun ranar ya sa mini suna Likitar Gida, kuma ba yabo yake nufi ba.

Na kai wa Malama ƙara cewa mutumina taurin kai gare shi. Ta buɗe fayil ɗina ta tambaye ni ina shafin ranar farko. Na ce mata ai shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya da shi. Ko dariya ba ta yi ba, ta turo mini fayil ɗin ta ce in je in yi abin da aka sa ni, in na gama sanin nasa sai in zo mu yi magana. Na fito idona ya raina fata.

Ranar Asabar na ɗauki littafi na zauna a lungun falo kamar mai bitar karatu. Yaya, da ma kana nan ka ga abin da na gani. Inna ta kawo masa shayi har kujera. Ya miƙa hannu zai ɗauko rediyo, Goggo ta yi wuf ta miƙo masa. Ya yunƙura zai rufe taga, sai ga ni ni da kaina na ce ya zauna, na tashi na rufe, sai da na dawo na ga abin da na yi. Daga nan na fara ƙirga kalmar. Kafin azahar an ce wa Baba ya zauna sau goma sha huɗu. Baƙi biyu suka shigo, kowanne ya tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi, suka tashi. Tafiyarsa duk yinin daga kujera zuwa banɗaki ce, sai wurin salla. Da la'asar, Inna tana kicin, Goggo ta yi barci, shi kuma ya manta ina wurin. Sai na ga ya zaro cokalin shayi daga kofi, ya juya gindinsa, ya sa a kan sukurun hannun kujerar da yake zaune. Ya kwance shi a hankali, ya ɗaure. Ya sake kwancewa, ya sake ɗaurewa. Ya fi rabin awa yana wannan. Da ya ji takun Inna sai ya yi sauri ya tura cokalin ƙarƙashin cinyarsa, kamar yaron da aka kusa kamawa da sukari. Mutumin da teloli suke layi a ƙofarsa shekara arba'in da ɗaya! Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don na ga da hannunmu muka yi masa haka, kuma da sunan ƙauna.

Washegari na zauna a gabansa ba littafi ba biro, na tambaye shi me zai sa ya ji yana son tashi da safe. Sai ya ce duk rayuwarsa abu ake kawo masa a ce ya duba, yanzu kuwa shi ake zuwa dubawa. Ya ce maganin nan don mu yake haɗiya, don kada a yi masa surutu. Sannan ya tambaye ni ko ina leƙa shagon in buɗe ya sha iska, don akwai kan keken wata mata da ya buɗe ran da ya faɗi bai rufe ba, yana tsoron tsatsa ta ci shi. Ka ji fa, Yaya. Shi a saninsa shagon jiransa yake yi har ya warware. Ba wanda ya gaya masa an yi wa wani alkawarinsa.

Ban yi gaban kaina ba. Ranar ganin likitansa na bi shi da littafina da awon jininsa na mako uku, na nuna wa likitan duk abin da na rubuta, har da cokalin. Ya karanta, ya tambaye ni inda nake karatu, ya gwada Baba da kyau, sannan ya ce zai iya zuwa shago awa biyu da safe, ban da ɗaukar nauyi, ban da fashin magani, kuma ya tafi da ƙafa a hankali in zai iya. To ga laifina na kawo maka da kaina: yau mako biyar ke nan da na buɗe shagon ba da izininka ba. Inna da farko ta ce ba da ita ba, ta ce in ka ji me za ta ce maka. Amma da safen da za mu fara fita, ita ta durƙusa da ƙafar nan tata ta jawo akwatin kayan aikin daga ƙarƙashin gado.

Tafiyar minti goma sha biyar ce, ranar farko sai da muka yi rabin awa, muka huta a bencin mai faci. Da na buɗe ƙofar komai yana inda ka bar shi, kujerarsa mai guntun matashi, allurai a cikin gilashi, bel-bel rataye a ƙusa, da kan keken matar nan a buɗe a kan tebur. Baba ya shafa shi ya ce bai ci tsatsa sosai ba. Dogo, telan da ke tsallaken titi, ya hango mu ya taho da gudu da tef a wuya, ya rantse shi zai riƙa ɗaga duk wani abu mai nauyi. Ladan da ya samu shi ne Baba ya saurari kekensa sau ɗaya ya gane man girki yake ɗiga masa, ya wanke Dogon tas da faɗa a gaban mutane. Rabon da in ji Baba yana faɗa da ƙarfinsa haka har na manta, wallahi daɗi na ji. Kafin mako ya zagayo mata masu ɗinki a gida sun ji labari, sai ga su da kekuna a bayan babur.

Kada ka ɗauka sakaka na bar abin. Kullum kafin ya fita sai na auna jininsa, in ya haura inda likita ya ce, ba fita. Sau biyu hakan ta faru, ya yi ta mita yana cewa an haifa masa ɗan sanda a gida, amma ya zauna. Ran da nake da lacca da safe Inna take aunawa, na koya mata, Dogo kuma ya zo ya taho da shi. Sha biyu na yi ake rufewa, ko da allura a hannunsa. Gishirin da muka yi ta rigima a kansa, yanzu da kansa yake ce wa Inna ta rage, don ya san awon safe ne yake ba shi hanya. Yana cinye abincinsa, yana barci, ya daina zaman shiru. Da muka koma asibiti likita ya ce bai taɓa ganin jininsa ya zauna haka ba tun faɗuwar. Bai rage masa magani ba, ni ma ban ce Baba ya warke ba. Amma likitan ya ce in lokacin koyon aikinmu ya zo in kawo takardata wurinsu, suna da irin Baba da yawa. Ka ga boka ya samu wurin aiki ke nan.

Yaya, na san abin da ya sa ka rufe shagon. Kai ka ɗauke shi daga ƙasa ran nan, kai ka riƙe kansa a mota, ban manta fuskarka ba. Kana nesa, kullum gabanka faɗuwa yake kada a kira ka da mummunan labari. Ba zan iya yi maka alkawarin ba zai sake faɗuwa ba, likita ma bai yi ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani shi ne na zauna na kalli yinin mahaifinmu guda a kan kujerar nan, kai ba ka kalla ba, kuma abin da na gani ba hutu ba ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka turo hoton yaran na kwanan nan. Goggo ma tana gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ina nan ina jiran amsar saƙona. Ka shafa mini kan 'Yar Inna, da Sarkin Kuka, Allah Ya raya mana su. Baba ya ce in gaishe ka, ya ce Allah Ya yi maka albarka, don bai san abin da nake rubutawa ba.

Abokinka ya zo sau biyu, na ba shi haƙuri na ce ya jira ya ji daga gare ka. Makullin kuma ba ya hannuna yanzu, yana aljihun mai shi. In ka karanta duk wannan ka ga har yanzu a ba da shagon, kai ne babba, ba zan yi jayayya da kai ba. Amma ni ba zan iya buɗe baki in gaya masa ba, Inna ma ta ce kada a sa ta. Ka kira shi da kanka, tsakanin ƙarfe goma da sha biyu na safenmu. In ka ji wayar ta daɗe tana ƙara bai ɗauka ba, kada gabanka ya faɗi. Aiki yake yi.

Wassalam,
ƙanwarka mai jin maganarka kullum, ban da wannan karon,
Auta