Keken Affan da Jegon Zinatu

Thamesmead, London
Litinin

Abban Faruq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da kishiyata, wato kekenka, kuna lafiya. Ita na fi tambaya, tunda ita ce mai miji.

Kada ka ƙara kirana, ba zan ɗaga ba. Duk lokacin da ka kira, iska kawai nake ji da hakinka, kana ce mini "Zinatu, da kin ga wurin nan!" Me zan gani? Tiyata aka yi mini aka ciro ɗanka, washegarin suna ka naɗe keke a jaka ka nufi duwatsun Alps da su Kingsley abokinka. Ko naman ragon bai ƙare ba.

Lift ɗin benenmu ya sake lalacewa. Na yi wa council masu gidan waya har na gaji. Inna, da ka ce ta zo daga Zariya ta kula da ni, tsoron cooker take, ba ta san inda ake kunna ruwan zafi ba. Jiya ta saka mini turaren wuta, alarm ya tashi, maƙwabta suka fito da takalma a hannu. Ni ce ke jego, ni ce kuma ke renon tsohuwa.

Na ce mata wurin aiki ne suka tura ka. Da bakina na yi wa uwata ƙarya don in rufa maka asiri. Ka faɗa mini ranar dawowarka.

Matarka, idan ka tuna,
Zinatu

*

Wani masauki a kan dutse, iyakar Faransa da Italiya
Laraba

Zuwa ga Zinatu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi wa Inna sannu da ɗawainiya, ki gaishe ta da kyau. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya yaro.

Wasiƙarki ta yi mini zafi, kuma ba ki yi mini adalci ba. Ba yawo ya kore ni ba, kunya ce. Ɗaki ɗaya gare mu da falo da banɗaki ɗaya. Ta yaya zan fito da tawul in yi karo da surukata? Ta yaya zan sa loma a baki tana kallona? Makon sunan nan a tsaye nake cin abinci a bayan ƙofar kicin kamar ɓarawo. A gidanmu idan mace ta haihu, namiji ba da wuri yake yi, mata su yi aikinsu. Yayana ma haka ya ce: ka matsa musu. To ina zan matsa a London? Na ga tafiyar nan ta zo daidai, na yi booking.

Kuma kada ki ɗauka hutu nake. Hanyar tsakuwa ce, taya na santsi, iska ba ta isar huhu. Yau mun tura kekuna da ƙafa ta cikin dusar ƙanƙara, a tsakiyar bazararsu. Babu kowa sai shanu masu ƙararrawa a wuya. Duk hawan da na yi, ku nake tunani.

Saura mako guda mu sauka Turin. Ki yi haƙuri.

Mijinki,
Affan

*

Thamesmead
Juma'a

Abban Faruq,

Salamu alaikum, don ba a hana Musulmi sallama.

Kunya! A Zariya idan namiji ya ba da wuri, akwai gwaggo, akwai inna, akwai maƙwabta goma masu hura wuta. A nan wa ka bar wa wurin? Ni da tsohuwar da ba ta iya cewa "help" ba. Ka ɗauko al'adar gida ka bar gidan a baya.

Ɗinkina ya yi ruwa ranar Laraba, zazzaɓi ya rufe ni. Lokacin da kake sauraron ƙararrawar shanu, ni ina sauka daga benen nan a zaune, mataki mataki. Rhoda, maƙwabciyarmu ta ƙasa mai jin Hausa, ita ce ta kai ni asibiti, Allah ya saka mata. An yi admitting ɗina kwana ɗaya. Nurse ta tambaye ni wa ke gida, na ce daga tsohuwa sai jariri.

Yanzu ka ji sauran. Rhoda ba ta san ƙaryar da na yi ba. Don ta kwantar wa Inna da hankali, sai ta nuna mata hotonka da Kingsley ya saka a intanet: kai a ƙolin dutse, cikin matsattsen wandon nan, ka ɗaga keke sama kana washe baki. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ne aikin?"

Tun daga nan ba ta ƙara tambayarka ba. Ta kira Baba, sun gama magana: da an yi arba'in za ta tafi da ni da yaro Zariya. Ta ce ba ta aurar da 'yarta don ta mutu a bene ba. Ban ce mata a'a ba, kuma ban ga dalilin cewa ba.

Zinatu

*

Tashar jirgin ƙasa, ƙasan dutse
Lahadi

Zinatu,

Sallama da ban haƙuri. Innalillahi. Me ya sa ba ki sa an kira ni daga asibiti ba?

Na bar su Kingsley a sama, ana ruwa na gangaro ni kaɗai. Birki ya yi zafi, na faɗi a wata kwana, gwiwa da tafin hannu sun sale, amma na iso. Gobe zan shigo London in sha Allah. Kada ki bari a sayi tikiti, na roƙe ki da girman Allah.

Na yi magana da abokina Almu, zan riƙa kwana a wurinsa a unguwar Plumstead, in zo da safe in yi muku cefane da duk abin da ake so. Bayan hoton nan ba ni da idon da zan kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da Inna.

Naki,
Affan

*

Thamesmead
Lahadi da yamma

Affan,

Ni ce Nimatu, uwar matarka. Rhoda ke rubutawa, ni ke faɗa. Ina gaishe ka, sannu da faɗuwa.

Tun da ka auri 'yata ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa haɗa ido da kai ba. Yau na kira, kuma a gaban baƙuwa. In ni da furfurata na iya ajiye kunya, ban ga abin da kake riƙe da shi ba.

Na ji shirinka na kwana gidan Almu. Ba ma bukatar ɗan aike. Yaron nan ba da safe yake kuka ba, kuma matarka ba ta iya sunkuyawa ta ɗauke shi. Na share falo, na shimfiɗa maka tabarma kusa da ƙofar ɗakinta.

In ka kwana a kanta gobe, ni kaɗai zan koma Zariya. In ka kwana gidan Almu, ka zauna can.

Allah ya kawo ka lafiya.

Inna